Kafin ka ce maganin jabu ne: yadda ake nemo Bt, a gwada shi, a fesa shi

Bara waccan, cikin sanyin Janairu, wani dattijo da muke maƙwabtakar lambu da shi a gefen Kura ya tare ni a bakin hanyar ruwa, riƙe da ragowar ƙunshin maganin tsutsa na Bt da na ba shi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, wannan garin naka anya ba kuka ka daka mini ba? Jiya na fesa, yau na zo na tarar da su suna nan daram a kan kabeji."

Na ce, "Baba, suna nan suna ci, ko suna nan kawai?"

Ya yi shiru. Muka taka zuwa fangalinsa, muka rinƙa ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya. Tsutsotsin suna nan, gaskiyarsa. Amma babu sabon rami a ganyen, babu ɗanyen kashi, in ka taɓa tsutsa da tsinke sai ta ɗan motsa a kasalance maimakon ta yi wutsil-wutsil ta saki zare ta faɗo kamar yadda ta saba. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu kafin ya ɗauko wancan mai warin da ya saba fesawa. Ranar da muka koma, yawancinsu sun yi baƙi sun saki jiki, wasu na reto a jikin ganye.

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar koyon aikin gona yake, kuma shekaru da dama ke nan ina fama da wannan ƙwayar halitta da ake kira Bacillus thuringiensis, a taƙaice Bt. Abin da na lura shi ne, duk kuskuren da ake yi da ita, ko ɗalibi mai son haɗa maganin ko manomi mai son fesa shi, tushensa ɗaya ne: ana ɗaukar ta kamar gubar da muka saba, wadda ke kashe ƙwaro da zarar ta taɓa shi. Ita kuwa sai an ci ta. Don haka bari in fara da cikin tsutsa.

Bt bakteriya ce da ke zaune a ƙasa. Idan abinci ya ƙare mata, sai ta dunƙule ta zama ƙwallon iri mai taurin ɓawo wanda zai iya jiran shekaru, kuma a gefensa ta ajiye wani ɗan dunƙulen furotin mai siffar lu'ulu'u. Wannan lu'ulu'un shi ne maganin. Ba ya narkewa sai a ruwa mai kanwa-kanwa, kuma haka hanjin tsutsar malam-buɗe-littafi yake. Da ta ci ganyen da aka fesa, sai ya narke a hanjinta, sinadaran narka abincinta su yanyanka shi su buɗe masa baki, ya je ya manne a wasu gurabe na bangon hanjin ya huhhuda shi. Cikin 'yan sa'o'i tsutsa ta daina ci, bayan kwana biyu ko uku ta mutu. Cikin mutum da na akuya da na kaza tsami gare shi, kuma ba shi da waɗancan guraben da gubar ke kamawa. Shi ya sa maganin ba ya taɓa mu, ba ya taɓa ƙudan zuma, ba ya taɓa gizo-gizo da zanzaro da sauran masu taya mu cin tsutsa.

Ba sabon abu ba ne. A 1901 wani masani ɗan Japan, Shigetane Ishiwata, ya gano ta tana kashe tsutsar siliki. A 1911 Ernst Berliner ya sake samo ta a Jamus, a jikin tsutsar garin alkama da aka kawo daga yankin Turingiya, daga nan ta samo sunanta. Faransa ce ta fara sayar da ita a matsayin magani a 1938, da sunan Sporeine. Kuma ba iri ɗaya ba ce, wannan ya kamata mai saye ya riƙe. Akwai kurstaki, mai kashe yawancin tsutsotsin kabeji da tumatir da kuɓewa. Akwai aizawai, wadda ta fi ƙarfi a kan dangin tsutsa mai cin masara. Akwai tenebrionis ta wasu ƙwari masu taurin baya. Sai israelensis, da aka samo a wani kududdufi a hamadar Negeb a 1976, wadda aikinta 'ya'yan sauro ne da 'ya'yan baƙin ƙudan bakin kogi. Wannan ta ƙarshe ta yi mana aiki a nan Afirka ta Yamma: shirin yaƙi da makantar bakin kogi da aka fara a 1974 ya koma zuba ta a koguna daga farkon shekarun 1980, lokacin da 'ya'yan ƙudan suka fara jure gubar da ake zuba musu. Nijar na cikin ƙasashen da aka fara shirin da su, kuma a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

To, ta ina mai son haɗa nasa zai fara?

Daga ƙasa. Nakan tura ɗalibai su kankare saman ƙasa su ɗebo cokali biyu daga ɗan ƙarƙashi, a wurin da rana ba ta dukansa sosai: gindin bishiya, gefen fadama, ƙarƙashin tulin taki. Ƙurar cikin tsohon rumbu ma wuri ne mai kyau, haka gawar tsutsar da aka tsinta a gona ta yi baƙi ta yi laushi ba tare da an fesa komai ba. Kowane samfuri a ledarsa, a rubuta wuri da rana. Doka ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: ba a ɗebo ƙasa daga makwantar dabbobi, ko mahauta, ko inda wata dabba ta taɓa faɗuwa ta mutu farat ɗaya. Ƙwayar da ke kawo cutar saifa 'yar'uwar Bt ce ta jini, kuma ita ma tana kwanciya a ƙasa shekara da shekaru. Ba tatsuniya ba ce, a Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a yankin Suleja.

A ɗakin gwaji, giram 1 na ƙasa ake zubawa a mililita 10 na ruwan da aka kashe wa ƙwayoyi, a girgiza, a sa a ruwan zafi mai digiri 80 na minti 10. Zafin zai kashe kusan komai, ya bar masu taurin ɓawo. Sai a shafa kaɗan a farantin abincin bakteriya, a ajiye a ɗumi kamar digiri 30 na kwana biyu zuwa uku. Abin da za ka nema shi ne tabo fari-fari, shimfiɗaɗɗe, marar sheƙi, mai gefe kamar an ɓarɓashe shi. Amma ido ba ya yanke hukunci a nan. Akwai wata 'yar'uwar, Bacillus cereus, wadda ke lalata dafaffiyar shinkafa ta sa amai da gudawa, kuma a faranti ba ka isa ka bambanta su ba. Sai ka shafa a gilashi, ka rina da shuɗin rini, ka leƙa ta madubin hangen ƙananan halittu. In ka ga ɗan lu'ulu'u a gefen ƙwallon irin, sau da yawa mai tsini biyu kamar an haɗa dala biyu gindi da gindi, to ka samu. In babu, zubar, bayan ka dafa farantin a tukunyar kashe ƙwayoyi. Za ka zubar da yawa kafin ka samu ɗaya.

A nan ne ɗalibai ke fara murna, a nan ni kuma nake ce musu ba a fara komai ba. Samun lu'ulu'u bai nuna yana kashe tsutsar da ta dame ka ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake samowa a ƙasa ba sa kashe komai da muka sani. Alƙalin wannan shari'a tsutsa ce, kuma gwajin da zan bayyana yanzu ba sai mai ɗakin gwaji ba. Ƙungiyar manoma da ta sayo katan na magani daga kasuwa za ta iya yin sa a ƙarƙashin inuwa kafin ta raba wa mambobinta, kuma ina ganin ya kamata ta yi.

Ka nemi kofunan roba masu tsabta guda takwas, da ƙyallen gidan sauro da robar ɗauri don rufe bakinsu. Ka samo ganyen kabeji daga inda ka tabbata ba a fesa komai ba. Wannan shi ne abu mafi wuya a yankinmu, ni dai sai da na koma shuka 'yan tushe a bokiti a bayan ofis don wannan aikin kaɗai. Ka yanka ganyen daidai faɗin gindin kofi. Ka dama maganin yadda takardar jikinsa ta ce. Ganye huɗu ka tsoma a ruwan maganin na daƙiƙa 10, huɗu kuma a ruwa zalla. Ka shanya su a inuwa su sha iska har danshin ya ɗauke. A gindin kowane kofi ka shimfiɗa 'yar takarda mai ɗan laima don kada ganyen ya yanƙwane, ka ɗora ganyen, ka sa tsutsa goma.

Tsutsotsin su zama ƙanana kuma tsara ɗaya. Kada ka ɗauke su da yatsa, gashin kaza ko lallausan burushi ake sa wa. Na taɓa ɓata aikin mako guda saboda wani yaro mai taimaka mini ya rinƙa tsinko su da farce. Washegari har na kofin ruwa zalla sun mutu, muka rasa gane abin da ya kashe su. In kuwa tsutsar masara kake gwadawa, ɗaya-ɗaya za ka sa a kofi, domin in sun ɗan tasa cinye junansu suke yi, ka wayi gari ka ga tara sun ɓace ka zaci magani ne.

Ka duba bayan kwana ɗaya, biyu, da uku, kana rubutawa. Matacciya ita ce wadda ka taɓa ba ta motsa ba. Ka kuma lura da yawan ganyen da aka ci, don shi ne ainihin abin da ya dami manomi. Kofunan ruwa zalla su ne shaidarka. In fiye da biyu cikin goma suka mutu a cikinsu, gwajin ya lalace, sake sabo. In 'yan kaɗan ne, akwai lissafin da wani masani mai suna Abbott ya fitar a 1925 don cire su daga ƙidaya. Misali: a kofunan magani 32 cikin 40 sun mutu, kashi 80 ke nan, a na ruwa 4 cikin 40, kashi 10. Cire 10 daga 80, saura 70. Cire 10 daga 100, saura 90. Raba 70 da 90, ka samu kusan kashi 78 cikin ɗari. Wannan ne aikin maganin na gaskiya. Mai bincike zai ƙara da tsinka maganin mataki-mataki, rabi, kwata, har ya gano ma'aunin da ke kashe rabin tsutsotsin, ya kuma jera nasa kusa da wani sanannen magani irin su DiPel don ya san inda ya tsaya. In naka bai kamo ƙafar na kasuwa ba, ka rubuta rahotonka, amma kada ka kai wa manomi.

Batun yawaita ta ba zan ja shi ba. Bt ba ta da tsadar ciyarwa. Ruwan rake mai kauri da garin waken suya sun ishe ta, muddin tana samun iska sosai. Kyuba ta kafa ƙananan cibiyoyi a karkara masu yin wannan aiki, suka riƙe ta sosai a shekarun 1990 lokacin da maganin waje ya yanke mata. Amma cibiyoyi ne masu ma'aikata da madubi da tukunyar kashe ƙwayoyi. Ina jin masu cewa a zuba ƙunshi ɗaya a duro da sukari a rufe kwana uku ya zama duro guda na magani. Kada ka yi. Abin da zai tsiro a duron ba ka san shi ba, kuma a kan latas da tumatir da za a ci ɗanye za ka watsa shi. Ko a cikin Bt ɗin kanta akwai nau'o'in da ke fitar da wata guba ta daban mai illa ga dabbobi da mutane, wadda dole a tabbatar babu ita kafin a yarda da magani. Shi ya sa duk abin da za a sayar sai ya bi ta hannun NAFDAC. In za ka saya, duba lambarta, duba ranar lalacewa, duba sunan nau'in, ka kuma duba ƙarfinsa. Za ka ga an rubuta wani abu kamar 16,000 ko 32,000 IU a kowane miligiram. Na biyun ya ninka na farko, don haka ma'auninsu ba ɗaya ba ne.

Yanzu sai gona, inda mafi yawan magani mai kyau ke zubar da mutuncinsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe jiya, loma kaɗan ta ishe ta. Wadda ta kai tsawon gaɓar yatsa sai ta ci da yawa, kuma kafin nan ta gama ɓarnar. Saboda haka feshin Bt daga zagayen gona yake farawa. Sau biyu a mako, da sassafe, ka ɗaga ganye ka duba bayansa. Kana neman ƙwai, da 'yan wuraren da aka kankare ganye ya zama kamar farar leda. A zafinmu ƙwan tsutsar masara kwana biyu zuwa uku yake yi ya fashe. Ka ga ƙwai yau, ka shirya feshi jibi.

Ga masu shiga ciki kuwa, lokacin ya fi ƙuntata. Tsutsar da ake kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, tana shigewa tsakanin fatar ganye ta yi ta ci daga ciki. Maganin da ke kwance a waje ba zai same ta ba sai a ɗan lokacin da ta fito daga ƙwai, ko in ta fito za ta sauya ganye. Haka tsutsar da ke huda 'ya'yan tumatir, haka mai shiga furen wake da kwansonsa. Ba zan yaudare ka ba: in sharon ta riga ta mamaye gona, Bt kaɗai ba zai cece ka ba. Da wuri ake farawa, tun a gadon reno, a haɗa da tarkon ƙamshi mai kama mazan don ka san ranar da suka iso, a rinƙa tsinke ganyen da ya kamu ana binnewa. Matsalar shiga ciki ce ma ta sa masana a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka bi wata hanya a wake: aka sa ƙwayar gadon Bt a cikin shukar kanta, aka fitar da irin SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019. Wancan zance ne daban da feshi, mai muhawararsa, kuma ko shi ba ya hana ƙwarin da ke tsotson kwanso.

Da yamma ake fesawa, bayan la'asar sakaliya. Hasken rana yana lalata lu'ulu'un cikin kwana kaɗan, a tsakiyar bazara ma ya fi sauri, kuma yawancin tsutsotsin da dare suke kiwo. Feshin yamma yana kuma kauce wa lokacin da ƙudan zuma ke kan fure. In hadari ya haɗo, bari sai gobe; in an yi ruwa mai ƙarfi bayan ka fesa, sake.

Ruwan da za ka dama da shi ma abin dubawa ne, kuma wannan kusan ba wanda ke faɗa wa manomi. Tunda a ruwa mai kanwa-kanwa lu'ulu'un ke narkewa, in rijiyarka ko burtsatsenka mai zartsi ne, maganin zai fara lalacewa tun yana cikin tanki. Takardar gwajin tsami ko kanwar ruwa ba ta da tsada a shagunan kayan asibiti. In ta nuna sama da 8, ɗiga ruwan lemon tsami kaɗan-kaɗan kana gwadawa har ya sauko wajen 7 ko ƙasa kaɗan, sannan ka zuba maganin. Kada ka haɗa shi da toka ko farar ƙasa. Ka fara dama garin a ƙaramin kofi ya zama kamar kunu kafin ka juye a tanki, ka rinƙa girgizawa kana tafiya don yana kwantawa. Abin da ka dama yau, yau za ka ƙarar da shi.

Ganyen kabeji santsi gare shi, ruwa mirginewa yake yi ya zube, don haka sai da ɗan maganin manne da ake sayarwa tare da kayan feshi. Ka juya bakin injin sama ka jiƙa bayan ganye, nan suke. A masara kuwa cikin kunnen tsakiya za ka nufa, inda tsutsar ke ɓuya. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ka sake zagayawa, in akwai sabbin ƙyanƙyasa ka maimaita, domin sabon ganyen da ya fito bayan feshi babu komai a jikinsa.

Kada kuma daɗin abin ya sa ka maƙale masa shi kaɗai. An daɗe ana zaton tsutsa ba za ta iya jure Bt ba, sai a 1990 aka ba da rahoton tsutsar kabeji a gonakin Hawai ta jure, saboda yawan fesa mata shi ba hutu. Ka rinƙa sauyawa. Akwai ma wasu magungunan da daga bakteriyar ƙasa aka samo su: spinosad, da emamectin wanda ya cika shagunanmu tun zuwan tsutsar masara a 2016. Sai dai su ba su kai Bt sauƙin kai ba. Spinosad yana kashe ƙudan zuma muddin bai bushe ba, emamectin kuma sai da safar hannu da takunkumi, da kiyaye kwanakin da aka rubuta kafin girbi.

Ajiya: inuwa, bushewa, sanyi. Ƙunshin da ya yi wata uku a kan kanta ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, ko ranar lalacewarsa ba ta zo ba, ni sai na sa shi a kofi da tsutsa goma kafin in yarda da shi. Na gari ya fi na ruwa jure zafi. A gida, cikin tukunyar ƙasa mai murfi a lungun ɗaki nake ajiye nawa.

Dattijon nan ya sake tare ni bayan mako uku, wannan karon da ganye a hannu, bayansa cike da darɓa ta yi dafifi. Ya ce, "Malam, ƙaro mini garin nan." Na ce, "Baba, wannan ba ta cin ganye, tsotsa take yi, ko buhu ka zuba mata ba abin da zai same ta." Muka zauna a kan kunya na kwatanta masa yadda zai daka 'ya'yan darbejiya ya jiƙa su kwana, ya tace da ƙyalle da safe, ya ɗan sa sabulu, ya fesa da yamma.